Yadda Muka Sake Ɗaura Igiyar Kokawar Zamani a Jos

Ina da ƙaramin kamfani a Jos wanda aikinsa shirya wasannin kokawar zamani, wadda akasarin mutanenmu suka fi sani da resilin. Mun yi 'yan shekaru muna wasa kafin annobar korona, muka rufe a 2020 lokacin da aka hana taruwar jama'a, kuma ba mu sake ɗaura igiya ba sai a 2024. A tsakanin waɗannan shekaru 'yan wasanmu sun watse, wani ya kama tuƙin keke, wani ya shiga aikin gadi, wani ya koma koyar da motsa jiki a Abuja, ƙarafan dandamalin kuma suna jingine a bayan wani shago har ruwan sama da tsatsa suka ci rabinsu. Da muka yanke shawarar dawowa, mun tarar da garin da muka bari ya canza, domin abubuwan da suke neman kuɗi da lokacin matashin Jos a ranar hutu sun ninka na da.

Wannan sana'a tana da tarihi a Najeriya, ko da yake matasa da yawa suna ɗauka daga Amurka kaɗai take. Manyanmu suna tuna Power Mike, wato Michael Okpala, mutumin Anambra wanda ya yi tashe a shekarun 1970, daga baya ya koma shirya wasanni yana kawo 'yan kokawa daga ƙasashen waje, har ya rasu a 2004. Bayansa an yi Power Uti, kuma duk wanda ya kalli talabijin a shekarun 1980 ya san sunan baƙin 'yan kokawa irin su Mighty Igor da Mil Mascaras. A yau ma akwai 'yan Najeriya a WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, irin su Omos, haifaffen Legas, da Oba Femi, wanda ya ɗauki kambun NXT, ɗaya daga cikin sassan WWE, a watan Janairun 2025. Wannan ya taimake mu, ya kuma ƙara mana nauyi, domin yaron da ya saba ganin fitilu da hayaƙi da dubban 'yan kallo a tashar SuperSport ko a wayarsa, da wannan ma'auni zai shigo zaurenmu. Tun farko na gaya wa abokan aikina cewa idan muka ce za mu gwada ƙwanji da WWE a wajen ƙawa, mun faɗi tun kafin a buga ƙararrawa.

Abokan hamayyarmu na gaskiya suna nan kusa. Na farko shi ne gidan kallon ƙwallo, wanda yake a kowace unguwa daga Gangare zuwa Bukuru, kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba, kuma duk ƙarshen mako yana da sabon wasa daga Ingila ko Sifen. Na biyu shi ne dambe, wanda yake da tushe a jinin Bahaushe, yake da makaɗa da kirari da jam'iyyu, kuma a 'yan shekarun nan ya samu sabuwar kasuwa a intanet. Na uku su ne masu shirya wasa irin namu da suke zuwa jefi-jefi, su ɗauko 'yan kokawa daga nesa, su cika gari da fasta, su yi dare ɗaya su tafi. Ba na ƙyashin su, amma wani daga cikinsu ya taɓa tara kuɗin ƙofa ya sulale bai sallami 'yan wasa ba, kuma tabon wannan abu ya shafe mu duka, domin da muka koma neman zaure sai da aka ce mu biya kuɗin haya gaba ɗaya mako biyu kafin ranar wasa.

Aikin farko shi ne gyaran dandamali, kuma a nan ne yawancin jarin ya tafi. Namu ƙafa 16 ne kowane gefe, na WWE kuwa ƙafa 20 ne, kuma mun zaɓi ƙarami ne domin ya shiga zaurukan da muke iya haya, ya kuma hau mota ɗaya. Ginshiƙai huɗu na ƙarfe suke riƙe da shi, da sandunan ƙarfe a kwance, a kansu a jera katako, a shimfiɗa soso mai tauri, sannan a ja tamfol a ɗaure shi tamau ta kowane gefe. Igiyoyin uku waya ce ta ƙarfe da muke zura ta cikin tiyo mu naɗe da tef. Katakon daga kasuwar Katako muka saye shi, kuma sai da na tsaya ana ɗauko kowane falle ina dubawa, domin falle ɗaya mai ƙulli ko tsagewa ya isa ya karye ƙarƙashin mutum biyu masu nauyi. Mai waldar da ya yi mana aiki a wajajen Dilimi, dattijo ne mai son aikinsa, da ya ga zanen sai ya ce, "Alhaji, bari in ƙara maka ƙarfe a tsakiya, ko giwa ta hau ba zai motsa ba." Na ce masa, "Baba, motsin nan shi nake nema." Tsakiyar dandamali dole ta riƙa lotsawa kaɗan ta dawo, domin ita ce take shanye ƙarfin faɗuwa, ita ce kuma take ba da wannan ƙara mai tayar da zaure. Idan ta ƙage, bayan ɗan wasa ne zai biya. Sai da muka ɗora katako a harabar shagonsa, ɗaya daga cikin yaranmu ya faɗa a kai da baya, dattijon ya durƙusa ya leƙa ƙasa yana kallon yadda ƙarfen yake numfashi, sannan ya gane abin da ake so, ya kuma yi shi fiye da yadda muka zana.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko gaskiya ne wasan shiri ne. Ba na ɓoye wa kowa. An san wanda zai yi nasara tun kafin a hau, kuma 'yan wasan biyu suna aiki tare ne domin su ba da labari da jikinsu. Amma faɗuwar ta gaskiya ce, igiyar tana barin shaida a baya, kuma wanda aka ɗaga sama ya miƙa wuyansa da ƙashin bayansa amana a hannun abokinsa. A dambe, gwaninta ita ce ka kai mutum ƙasa. A wajenmu, gwaninta ita ce ka sa zaure ya yarda ka kai shi ƙasa da mugunta, alhali ka sauke shi yadda gobe zai tashi ya tafi neman abincinsa. Saboda haka sabon ɗalibi yakan yi watanni ba ya koyon komai sai faɗuwa: ya manna haɓa a ƙirji kada ƙeya ta bugi katako, ya faɗi da faɗin baya gaba ɗaya, ya buɗe hannuwa ya mari tamfol a daidai lokacin da bayan ya sauka, ya fitar da numfashi. Da yawa sukan zo da ƙirji da damatsa, su ga babu ranar hawa dandamali kusa, su daina zuwa. Wanda ya jure wannan shi nake iya ba wa amanar wuyan wani. Mun hana duk wani kamu da ake sauke mutum a kan kai, muna ajiye ma'aikacin jinya a gefen dandamali, da mota a bakin ƙofa wadda direbanta ya san hanyar asibiti mafi kusa, domin 'yan wasanmu ba su da inshora, kuma idan wani ya karye, ni ne zan tsaya gaban mahaifiyarsa.

Abin da ya fi ɗaukar mini tunani shi ne labarin da muke bayarwa. Kowane wasa yana buƙatar jarumi da bos, wanda za a so da wanda za a ƙi, kuma hanya mafi sauƙi ta sa zaure ya ƙi mutum ita ce a jingina shi da wata ƙabila ko wani addini ko wata unguwa. A wasu ƙasashe an daɗe ana yin haka. A Jos kuwa, garin da ya ga abin da ya gani a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu, wannan hanya a rufe take a kamfanina, kuma na rubuta haka a takardar da kowane ɗan wasa yake sa wa hannu. Babu mai hawa da alamar addini, babu mai zagin yaren wani, babu mai kiran sunan unguwa domin tsokana. Muna da Musulmi da Kirista a cikin 'yan wasa, kuma da gangan nake haɗa su a ƙungiyar mutum biyu, su yi nasara tare ko su sha kaye tare.

To daga ina bos zai fito? Daga rayuwar da kowa yake yi. Wanda ya fi karɓuwa a cikin miyagunmu yana shigowa ne a matsayin mai gidan haya, da babbar riga da tarin makullai a hannu, ya karɓi makirufo ya sanar da cewa ya ƙara kuɗin kujera, duk wanda bai biya ba ya tashi. Kafin ya rufe baki zaure ya kaure da ihu, ɗan Anguwan Rogo da ɗan Tudun Wada suna nuna shi da yatsa tare, domin dukansu sun san wannan mutum. Muna da wani da yake zuwa da jarka a matsayin ɗan bumburutu, da wani mai alƙawarin ƙarya irin na lokacin zaɓe. Jarumanmu kuma ba su wuce ɗan dako, da makanike, da ɗalibin da ya gama karatu bai samu aiki ba. Wannan shi ne abin da tauraron ɗan adam ba zai iya kawo wa mutumin Jos ba: ya ga wanda yake cutarsa a kullum an ɗaga shi an maka da ƙasa a gabansa, kuma wanda ya ɗaga shin yaron layinsu ne da suke gaisawa a wajen mai shayi.

Labari kuwa ba ya tsayawa sai da dawowa a kai a kai. Muna wasa sau ɗaya a wata, kuma kafin mutane su fita daga zaure muke sanar da ranar wasa na gaba da wanda zai kara da wa. Kafin mu tsayar da rana sai mun buɗe jadawalin gasar Firimiya, domin ba ma sa wasa ya ci karo da karawar manyan ƙungiyoyi, kuma makonnin da gasar take hutu saboda wasannin ƙasashe sun fi mana albarka. Muna farawa bayan la'asar mu tashi kafin magariba, saboda mutanen garin nan sun fi son su isa gida da sauran haske. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ba ya barin a yi wasa a fili, a Disamba da Janairu kuma sanyin Jos yakan sa sai an tsawaita ɗumama jiki kafin a hau. Zauren ma sai an zaɓe shi da lura, ya kasance wurin da mutum daga kowane ɓangare na gari zai zo da iyalinsa hankali kwance. Kafin wasan farko na je na gaida mai unguwar wurin, na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka," na kuma sanar da jami'an tsaro a rubuce. Sharaɗin da ya kafa mana shi ne kada a sha kayan maye, kada a yi caca, kuma dama haka muka tsara. Mun ware kujeru na mata da yara, sannan a farkon kowane wasa alƙalin wasa yakan tsaya ya gargaɗi yara da Hausa da Turanci cewa kada su gwada abin da suka gani a gida ko a makaranta.

Lissafin kuɗi shi ne inda sana'ar take da ɗaci. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kuma komai namu yana tafiya ne a kan mai: motar da take ɗaukar ƙarafa, janareta, da kuɗin motar ɗan kallo kansa. Kuɗin ƙofa kaɗai ba ya riƙe wasa, kuma idan aka tsawwala shi gidan kallon ƙwallo yana nan yana jira. Manyan kamfanoni idan ka je neman tallafi sai su tambaye ka yawan mabiyanka a intanet, saboda haka waɗanda suka tsaya mana ƙananan 'yan kasuwa ne, mai shagon waya a Taminus, mai ruwan leda, mai gidan burodi, muna rubuta sunayensu a zanen da yake zagaye dandamali, mai sanarwa kuma yana ambaton su tsakanin wasa da wasa. Ƙa'idata ita ce a sallami ɗan wasa kafin ya sa takalmi, ko zaure ya cika ko bai cika ba. Akwai watan da na koma gida babu ko sisi, amma saboda wannan ƙa'ida ne 'yan wasan da suka watse suka dawo, har wasu daga Kaduna da Makurɗi suke kira suna neman a sa su.

Bidiyo ya zama rabin aikin. Wani matashi yana ɗaukar mana wasa da waya biyu, ya yanka shi gajeru ya sa a TikTok da Facebook, mu kuma mu tura ta WhatsApp. Mun lura cewa cikakken wasa ba ya yawo sosai, abin da ake turawa shi ne lokacin da mai gidan haya yake cika baki, ko lokacin da aka ƙwace makullansa aka jefa wa 'yan kallo. Saboda haka yanzu muna ɗaukar 'yan maganganu a tsakiyar wata, a kasuwa ko a gareji, domin wutar rigimar kada ta mutu kafin ranar wasa.

Abin da yake gabanmu yanzu shi ne samun wurin horo na dindindin, inda dandamali zai zauna a ɗaure, domin kwancewa da ɗaurawa suna cinye mana yini guda kuma suna gajiyar da ƙusoshi. Akwai ɗalibai da suka kusa kammala koyon faɗuwa, kuma ina so su fara hawa a wasannin buɗe fage kafin ƙarshen shekara. An kuma gayyace mu Bukuru, muna kan lissafin kuɗin mota da na zaure, kuma ba zan amsa ba sai na tabbatar za mu iya komawa can wata bayan wata kamar yadda muke yi a cikin Jos.