Talata, ranar awo

Tun kafin in sauka daga Keke Napep na hango layin mata ya kai bakin ƙofa. Aikin sa-kai nake yi a wannan ƙaramin asibiti na cikin garin Katsina: in rubuta kati, in ɗora mata a sikeli, in raba ƙwayar ƙarin jini da Fansida ta rigakafin maleriya, in maimaita wa wadda ba ta gane ba abin da Sista ta faɗa da sauri. Cikina ya shiga wata na bakwai, ƙafa ta fara kumbura, shi ya sa Sista ta ajiye mini kujera kusa da taga, ta kuma hana ni ɗaukar ko bokitin ruwa. Tun da cikin ya fito mata suka ƙara sakin jiki da ni. Abin da suke jin nauyin tambayar ma'aikata, ni suke raɗa wa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka shigo da wata mata riƙe a hannu, zaninta ya jiƙe da jini. Mahaifiyarta na biye, goye da jariri wanda ko zama bai gama iyawa ba. Tsohuwar ta ce ɓari ne. Sista ba ta ƙara tambayar komai ba sai tun yaushe jinin ya fara, ta auna ta, ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce a shirya kayan wankin ciki. Ni aka ce in riƙe mata hannu.

Ana cikin aikin ta juyo, idonta ya sauka a kan cikina, sai hawaye. Ta ce, "Yaya, don Allah kar ki tsine mini." Na ce, "Haba ƙanwata, ni wace ce?" A hankali ta ba ni labari. Daga wani ƙauye na yankin Batsari suka gudo saboda 'yan bindiga, suna zaune a kangon wani bawan Allah. Haihuwarta shida. A ta ƙarshe jijjiga ta kama ta, sai da ta kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Da ta ga wata ya wuce bai zo ba, tsoro ya shige ta. Ta sayi ƙwaya a kemis ba tare da an gaya mata yadda ake sha ba, da ta ga shiru ta ɗora da jiƙo. Kwana uku tana zubar da jini a ɗaka, ba ta fito ba don gudun abin da za a ce. A daidai lokacin da take magana ɗan cikina ya motsa. Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Na dai ƙara damƙe hannunta.

Da azahar muhawara ta tashi a ɗakin hutu. Hajiya mai kula da rajista ta ce irin waɗannan ya kamata a miƙa su ga hukuma, ko wasu sa ji tsoro. Wata ɗaliba mai koyon aikin ungozoma ta ce a'a, dokar hana zubar da ciki ce ke kashe mata. Ta kawo binciken wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Guttmacher wanda ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012, duk da haramcin. Ta kuma kawo zancen Amurka, inda a Yunin 2022 kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki, inda kuma masu sa-kai irina ke raka mata su ratsa ta cikin masu zanga-zanga a ƙofar asibiti.

Na so in yi shiru, amma abin ya ci raina. Na ce wa ɗalibar, ni ban yarda zubar da ciki abu ne da mace za ta yanke ita kaɗai don ta ga dama ba. Tun a Islamiyya muka haddace hadisin Ibn Mas'ud, kwana arba'in sau uku sannan a busa rai. Malamanmu na Malikiyya ma ba sa jiran kwana 120 ɗin, sun hana tun farkon shigar ciki, ko da yake wasu malaman Hanafiyya sun sassauta kafin busa rai idan akwai uzuri. A kan wannan na taso, a kai nake har yanzu, kuma abin da nake ɗauke da shi ya ƙara mini yaƙini. A nan babu mai ɗaga kwali a ƙofar asibiti. Abin da ke tare mace a hanya kunya ce da tsoron bakin mutane, kuma su ma suna kisa.

Sai na juya ga Hajiya. Na ce, Hajiya, da girmanki, in muka kai wannan ga hukuma, wace mace ce za ta sake tako nan da jini? A ɗaka za su mutu. Gaskiya ne dokar Penal Code ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai in an yi don ceton ran uwa, kuma a kan ceton ran uwa malamai ma ba su ja ba. Amma babu dokar da ta hana a yi wa mai zubar da jini magani, ko me ya jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun rasu a Najeriya a 2020 saboda ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba na son a ƙara ko mutum ɗaya a kai ta hannunmu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, a ɗakin da ke kusa da namu ake yin allurar tazarar haihuwa, ana sa ashanar hannu da roba. Da wani ya zaunar da ita bayan jijjigar nan ya yi mata bayani, ya kira mijinta ya yi masa, da ba a kai ga yau ba. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma har yau mace mai rurrutsa sai ta ɓoye katin tazara a ƙasan akwati. Hajiya ta ce a kan wannan dai ta yarda da ni, a kan sauran kuwa tana nan a bakanta. Ɗalibar ma ba ta sauka ba.

Da la'asar jinin ya tsaya, amma Sista ta duba idonta ta ce ya yi fari ƙwarai, ta rubuta takarda a kai ta babban asibiti a ƙara mata jini. Mijin ya iso daga wurin leburanci, ƙura har gira. Ya yarda a ɗebi nasa in ya dace da nata. Da Sista ta kawo maganar ashana sai ya sunkuyar da kai, ya ce zai yi shawara.

Na dawo gida bayan magariba, baya kamar zai tsinke. Na roƙi maigidana ya je ya same shi a kangon ranar Juma'a bayan an sauko, don magana irin wannan ta fi shiga in namiji ne ya faɗa wa namiji. Ya ce zai je, zai kuma nemi limamin unguwarmu ya raka shi.