Siminti Ɗaya, Masu Saye Daban-daban

Kamfanin da yake sayar wa wasu kamfanoni kaya yakan raba abokan cinikinsa bisa girmansu ko yankin da suke, domin waɗannan ne suka fi sauƙin lissafi. A ganina rabon da ya fi amfani shi ne wanda ya dubi aikin da mai saye zai yi da kayan, kuma harkar siminti a Najeriya ta nuna hakan a fili.

Mai buga bulo da ɗan kwangilar gada duk siminti suke saya, amma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Ribar mai buga bulo tana rataye ne a kan abu biyu: yawan bulon da zai fitar daga buhu ɗaya mai kilo 50, da saurin da bulon zai yi ƙwari har a ɗauke shi daga fili a buga wani. Idan ɗanyen bulo ya ƙara kwana ɗaya a shanye, filinsa ya toshe, katakansa sun maƙale, leburorinsa sun zauna, shi kuwa mai gini yana jiran a kai masa kaya. Wannan mutum ba ya damuwa da tallan talabijin, abin da yake so shi ne simintin da ke kamawa da wuri. Saboda irinsa ne kamfanin Lafarge ya yi siminti mai suna Supaset, Dangote kuma ya fito da BlocMaster a 2018.

Babban ɗan kwangila kuwa injiniya ne ke yanke masa hukunci, kuma ƙarfin da simintin zai kai bayan kwana 28 yake dubawa, wato ma'anar lambobin 32.5 da 42.5 da 52.5 da ake rubutawa a jikin buhu. Sau da yawa ma ba ya son buhu, ya fi son a kawo masa a tanka a juye a rumbunsa, kan lokaci, ba tare da ingancin yau ya saɓa da na jiya ba. Mai aikin hanya yana bukatar wanda zai ƙarfafa ƙasar da za a shimfiɗa kwalta a kai, shi ya sa aka yi nau'in siminti mai suna RoadCem. Wani lokaci hukuma ce ke shata iyakar, kamar yadda hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta yi a 2014, lokacin da ta keɓe 32.5 ga aikin filasta.

Inda nake ganin ake yawan kuskure shi ne ɗaukar cewa kowane rukuni na masu saye ya cancanci nasa samfurin. Kowane sabon nau'i yana cin lokacin injin niƙa, yana bukatar nasa rumbun da nasa buhun, sannan dila a Kano ko Gombe dole ya raba jarinsa da shagonsa gida biyu ko uku. Kafin a ƙara nau'i, ya kamata shugabannin kamfani su tabbatar cewa rukunin yana da yawa, bukatarsa ta bambanta da gaske, kuma zai biya bambancin farashin. Idan abin da ya raba rukunin da sauran shi ne hanyar kai kaya ko bashi na 'yan makonni, to gyaran yana wajen sufuri da sharuɗɗan biya, ba a masana'anta ba.

Wannan bincike ne kuma ke nuna nau'in da ya kamata a janye. Samfurin da ba a iya faɗin takamaiman wanda aka yi shi dominsa, yawanci cinikin ɗan'uwansa yake ci, alhali yana tare wurin da simintin masu buga bulo zai zauna a lokacin rani, sa'ad da gine-gine suka fi yawa.