Jiƙon madaci da murfin jarka

A wata ruga da ke gaba da Shika, kan hanyar Giwa, na fara ganin yadda ake ɗura wa akuya jiƙon madaci. Tsakiyar damina ce. Dattijon rugar, wanda kowa ke kira Baffa, ya matse wata jar akuya tsakanin ƙafafunsa, ya janye fatar idonta da babban yatsa. Cikin idon fari fat kamar auduga, ƙasan haɓarta kuma ya kumbura ya tara ruwa. Ya ce, "Tsutsa ce ta shanye ta, Likita." A lokacin ɗalibi nake a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ina neman digiri na biyu, amma wanda ya zo da farar riga ai ba shi da wani suna a ruga.

Gaskiyarsa kuwa. Tsutsar da masana ke kira Haemonchus contortus tana maƙalewa a ɓangaren ƙarshe na cikin dabba, can bayan tumbi, tana zuƙar jini. Macen kan saki dubban ƙwai a rana, su fita a kashi, su ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta sake kiwo ta haɗiye 'ya'yan. Shi ya sa damina mai albarka take zuwa da ramar awaki.

Aikina shi ne in gano ko sassaƙen madaci da 'ya'yan bagaruwa suna yin abin da makiyaya ke faɗa. Na kai ganye da reshe ɗakin ajiyar tsirrai aka tabbatar da jinsinsu, don suna ɗaya kan hau kan itatuwa biyu daga gari zuwa gari. Da asuba nake zuwa kwata in sayo kayan ciki, in tsince tsutsotsin da rai, sirara masu zanen ja da fari, in jefa su cikin ruwan maganin da na tatso da sinadarin metanol. Cikin sa'o'i suka sandare. Ranar har tsire na saya wa abokan aiki.

Murna ta koma ciki da muka koma kan awaki. Ƙidayar ƙwai ba ta ƙarya: ka dama kashi a ruwan da ya ƙoshi da gishiri, ƙwan su taso sama, ka ɗiga a gilashin ƙirga ƙwai da ake kira McMaster ka ƙirga ƙarƙashin madubin likita, sannan ka maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 da ba da magani. Waɗanda suka sha albendazol, maganin tsutsa na bature, ƙwansu ya kusa ƙarewa. Na madaci ya ɗan ragu kawai. Na bagaruwa kuwa, da na ƙara musu yawa don neman sakamako mai kyau, sai suka juya wa harawa baya. Sinadarin tanin da majema ke nema a bagaruwa don jima shi ne ke damun tsutsa, shi ne kuma ke ɗaure bakin akuya idan ya yi yawa. Wannan gangancina ne, ba na kowa ba.

Da na koma ruga na kwashe labari na faɗa wa Baffa, sai ya yi murmushi. "Ɗana, ka tambaye ni sunan itace, ba ka tambaye ni yadda nake yi ba." Ashe ɗanyen sassaƙe yake jiƙawa a ruwan sanyi ya kwana, ya sa 'yar kanwa, ya ba da safe kafin a saki dabbobi, kuma kwana uku a jere. Ni kuwa na shanya, na niƙa, na tatsa, na ba sau ɗaya. Sai na tuna Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga ganye. Ita ma sai da wani tsohon rubutu ya ankarar da ita cewa jiƙawa ake yi, zafi na lalata sinadarin.

Na sake gwajin bisa hanyarsa, ya fi na farko kyau, ko da yake bai kamo ƙafar maganin bature ba. Haka na rubuta, haka na gaya masa: akuyar da idonta ya yi fari, kada a tsaya jiƙo, a ɗura mata albendazol cikakken awo daidai nauyinta. Rabin ƙwaya da ake gutsira wa dabba don tsimi shi ke raino tsutsar da ba ta jin magani.

Takardar ta fito a mujalla, wasu masana sun ambace ta, kuma da irin wannan ake auna mu wajen ƙarin girma. Ban raina ba. Amma Baffa bai taɓa ganin ta ba. Abin da ya karɓa a hannuna wani murfin jarka ne da na yi wa zane biyu da wuƙa don awon magani, na ƙasa na 'yan awaki, na sama na manya. Da na leƙa rugar a daminar da ta biyo, na tarar da jikansa yana bin garke ɗaya bayan ɗaya yana duba ido, murfin na rataye a wuyansa da zaren buhu.