Eriyata da ƙasar da ke ƙarƙashinta

Wata uku ke nan da na kafa eriyar rediyo ta tsaye, ta aikawa da karɓar saƙo, don zangon mita 40 (tsawon igiyar rediyon ke nan), wato megahaz 7. Tsawonta rubu'in zango, kusan mita 10, da wayoyi huɗu kacal shimfiɗe a gindinta. Ranar farko ma'auni ya nuna turjiyarta ga lantarki om 52 ce (om shi ne awon turjiya), na yi ta murna, tunda kebul ɗina om 50 ne, ana kuwa son su zo daidai.

Sai aka kwana ana ruwa. Da safe na fita, takalmina na nutsewa a laka, na sake aunawa: om 45. Ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Nan hankalina ya dawo kan ƙasa. Irin wannan eriya, a kan ƙasar da ba ta shanye wutar lantarki, turjiyarta wajen om 36 ce. Duk abin da ya hau kan haka asara ce. Ashe om 16 ɗin nan busasshen yashi ne ke shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da nake turawa, yana mai da shi zafi. Da ƙasa ta jiƙa ta fi ɗaukar lantarki, asarar ta ragu. Shi ya sa masu eriya a bakin teku ke jin daɗi, ruwan gishiri ya fi kowace ƙasa.

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Na ƙara wayoyin gindi zuwa 24, ina tafe ina danna su da ƙusoshi. Yanzu om 40 nake gani, ko an yi ruwa ko ba a yi ba da ƙyar yake motsi, kuma tashoshin nesa sun fara amsa kirana.