Godiya bayan wata shida ina shan magani

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya aka ba ni sakamakon gwajin kaki na ƙarshe, babu sauran tarin fuka. Na shanye maganin wata shida. Maganin cutar da ke karya garkuwar jiki, wato HIV, kuwa ina nan a kansa, ba na ɓoyewa.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitar da ta riƙe ni a lokacin da na so in watsar da komai. Da aka gano cututtukan biyu, sojojin jikina, wato CD4, ba su kai 100 ba. Aka fara mini maganin tibi, wato tarin fuka, bayan mako biyu aka haɗa da na HIV. Har na fara cin tuwo, sai jiki ya rikice: zazzaɓi, tari ya dawo, kaluluwa ta fito a wuyana kamar ƙwan kaza, ko wuyan riga ba na iya ɓallewa. 'Yan dubiya suka ce maganin ne bai karɓe ni ba, wata gwaggona ma ta ce sammu ne.

Likita ta sake gwaje-gwaje, ta tabbatar ba wata sabuwar cuta ba ce, sannan ta zaunar da ni. Ta ce garkuwar jikina ce ta farka daga barci, ta tarar da ƙwayoyin tibi, ta afka musu da ƙarfin da ya wuce kima. IRIS suke ce masa. Ta rubuta mini prednisolone na mako huɗu, aka rage shi a tsakiya, don ya ɗan ja wa garkuwar linzami, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in saye shi a kemis da kaina. Ko ƙwaya ɗaya ba a dakatar mini ba cikin sauran magungunan. A hankali wuyan ya saɓe.

Na gode wa malamar jinya da ta yi dariya ta kwantar mini da hankali ranar da na ga fitsarina ya yi ja, ashe aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tibi. Yaya Babba, kuɗin mota da kai da kawowa, Allah ya saka. Uwargida, ke da kika saita ƙararrawar waya saboda ƙarin maganin HIV, dolutegravir, na dare, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Masu kira da masu addu'a, Allah ya bar zumunci. Gwaggo ma ta zo jiya da kwanon fura.