Suwaita da Kafaɗar Mai Ita: Abin da Na Koya a Gindin Dilar Goggo

Hunturu biyar ke nan ina bin Goggo, yayar babanmu, a sana'arta ta dillancin gwanjo gida-gida. Garinmu na tsakanin Ringim da Taura, gab da fadama, kuma duk wanda ya taɓa kwana a yankin nan cikin Disamba ko Janairu ya san sanyin da nake nufi, wanda ke hana tsofaffi barin bakin murhu har hantsi. Da an gama girbi, kuɗi ya shigo hannun mutane, bukukuwan aure sun kankama, sai Goggo ta tura ɗanta Kano ya sayo dilar rigunan sanyi a Ƙofar Wambai. A tsakar gida ake fasa ta kan tabarma. Lamba ɗaya, wato mafiya kyau, a ware su daban, masu huji da tabo a tara su don kasuwar Gujungu, can a sayar da su da araha.

Mafi yawan abin da ke fitowa suwaita ce mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, wadda 'yan makaranta ke kira kadigan. Ƙanina ne ya gaya mana asalin sunan: wani babban hafsan Ingila ne, mai sarautar Kadigan, wanda ya yi yaƙin Kirimiya a 1854, aka laƙaba wa rigar sunansa. Goggo ta ce shi ya sa, ai soja bai san da riga da zani ba lokacin da aka yanka ta, mu ne za mu san yadda za mu yi da ita.

A shekarata ta farko na ɗauka aikin bai wuce zaɓar mai kyau da kauri ba. Akwai wata matar aure a bayan masallacin Juma'a, gajeriya, mai jiki, da na kai wa wata ja mai kaurin saƙa, irin mai tufkar igiya a gaba. Ta saka, na yi ta zuba mata yabo, ta biya nan take. Bayan kwana uku muka haɗu a wajen suna, na hango ta daga nesa kamar an ɗaure buhun gyaɗa. Ba wanda ya yi magana. Sai da muka kamo hanyar gida Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, rigar kika kalla, ba ki kalli matar ba."

Tun daga ranar ta fara nuna mini abin da idonta ke bi, kuma kullum daga kafaɗa take farawa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗa. In ya zubo kan damtse, mace sai ta zama kamar ta ari rigar mijinta. In ya hau sama, hammata za ta matse, maɓallan ƙirji su riƙa buɗe baki. Lambar da ke wuyan riga kuwa ban ƙara yarda da ita ba, don dila ɗaya kan haɗa kayan ƙasashe daban-daban, kuma abin da Amurka ta kira matsakaici sau da yawa ya fi na wasu ƙasashen girma nesa. Ga shi kuma an sha wanke su kafin su iso mu.

Tsawo shi ne ya fi ba ni wuya. Duk inda bakin suwaita ya tsaya, nan ido ke tsayawa. Jar nan da na sayar ta ƙare ne cif a inda kwatangwalon matar ya fi faɗi, ga kaurin saƙa, ga ɗaurin zani a ƙasa, faɗi kan faɗi. Da na ba ta mai siririyar saƙa wadda ta tsaya a ƙugu, ko wadda ta zarce har tsakiyar cinya, ta bar maɓallan a buɗe, da layin nan biyu da suka sauko sun ƙara mata tsayi. Doguwar mace siririya kuwa ita ce mai kaurin ke yi wa kyau, don tana cika ta. Masu cikar ƙirji na koyi ba su mai wuyan da ya sauko ya yi tsini, su sa maɓalli ɗaya ko biyu a tsakiya su bar sauran. Mai rufe wuya gaba ɗaya tana tara musu komai a sama.

Akwai abin da masu yanka rigunan nan ba su yi lissafi da shi ba, wato hijabi. Matar da za ta fita da dogon hijabi, bakin hannu kawai za a gani, don haka nakan ba ta marar kauri mai bin jiki, kada ta yi tudu a ƙarƙashi. Wadda za ta biki da mayafi ita ce ke buƙatar a zauna a yi tunanin launi. Atamfa ta riga ta yi magana da yawa, suwaita sai ta yi shiru. Nakan ce ta ɗauko zanen da za ta ɗaura, mu nemi launi ɗaya a cikin adonsa, yawanci mafi duhu, mu ɗauki suwaita marar ado mai wannan launin. Rigar atamfa mai buɗaɗɗen hannu ko mai tattara a ƙugu ba ta shiga suwaita da daɗi, wannan kam gara a faɗa wa mutum gaskiya ta canza riga.

Na maza bai da yawan magana: mai duhu, baƙa ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, a kan kaftani ko a ƙarƙashinsa. Amma nan ma na sha kunya. Na taɓa aika wa wani malamin firamare wata shuɗiya ta hannun matarsa, washegari ta dawo da ita tana dariya, wai abokan aikinsa sun ce ta mata ce. Gaskiyarsu. A kayan Turawa maɓallan rigar namiji na hannun damansa, na mace na hagunta. Yanzu tun a gindin dila nake dubawa.

Zare ma sai da na koye shi. In takardar wuya ta goge, Goggo kan tsinko ɗan zare daga ciki ta kai bakin ashana. Ulu na gaske warin gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Wannan ba don farashi kawai ba ne. Yaranmu da sassafe wuta suke kewayewa suna jin ɗumi, kuma na roba in ya kama narkewa yake a kan fata, don haka nakan ja kunnen iyaye mata. Ulu kuma ba ya son ruwan zafi da cuɗa, tsukewa yake har ya koma na yaro. Kowanne iri dai kada a rataye shi da ruwa a igiya, nauyin ruwan zai ja shi ya saki, kafaɗar da aka sha wahalar zaɓa ta lalace. A shimfiɗa shi kan tabarma a inuwa. In sanyi ya wuce a ninke, a sa kafur a akwatin.

Bana matar nan ta bayan masallaci ta aiko a kai mata kaya. Hannunta ya tafi kai tsaye kan wata kore mai kauri, wadda ta fi kowacce tsada a ƙunshin. Na ce, "Yaya, bari dai ki gwada wannan tukuna," na miƙa mata wata ruwan makuba, doguwa, marar nauyi, kuɗinta bai kai rabin na koren ba. Ta saka a kan zanenta, ta aiki 'yarta ta ɗauko madubi daga ɗaka, ta juya dama ta juya hagu. Sai ta tambaye ni ko akwai irinta baƙa.