Birnin da ya shanye sauran birane

Akwai ƙasashen da in ka ambaci babban birninsu, sai ka yi dogon tunani kafin ka tuno na biyu. Tun 1939 masanin labarin ƙasa Mark Jefferson ya siffanta irin wannan birni: aƙalla ya ninka mai bi masa a yawan jama'a, a tasiri kuwa tazarar ta fi haka.

Auna shi ba wuya. Ka raba yawan mutanen birni na farko da na mai bi masa. In sakamakon ya haura 2, rinjaye ya tabbata. Ma'aunin da ya fi tsauri shi ne ka haɗa na biyu da na uku da na huɗu, ka ga ko na farko ya fi su gaba ɗaya. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen iyaka. Paris bisa iyakar hukuma mutum miliyan 2 ne da 'yan kai, amma in aka haɗa da unguwannin da suka manne da shi, sun kusa miliyan 11. Da wannan ma'aunin Lyon, birnin da ke bi masa a Faransa, bai kai miliyan 2 ba. Wanda ya ɗauki adadin farko ya ɓata lissafinsa tun daga tushe.

Abin da ya fi ƙulla wannan rinjaye, a ganina, hanya ce. Dokar jirgin ƙasa ta Faransa ta 1842 ta shimfiɗa layukan dogo suna fita daga Paris kamar wayoyin ƙafar keke, kowanne ya nufi wani gefe. Har yau mai tafiya daga Bordeaux zuwa Lyon sau da yawa sai ya yi arewa ta yankin Paris sannan ya gangaro. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka abin ya fi muni, domin sau da yawa an ja dogo ne daga gona ko ma'adini zuwa tashar jiragen ruwa guda. Yankin Dakar bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin Senegal ba, amma yana ɗauke da kusan rubu'in mutanenta.

Daga nan abin ya zama sarƙa. Ma'aikatu suna can, bankuna suka bi su, kamfanoni suka bi bankuna, matashin da ya gama karatu ya bi aiki. Matsakaitan birane su ke kwana ciki: likitansu da injiniyansu sun tafi, harajinsu ya ragu. Shi ma babban birnin bai tsira ba, ga tsadar haya, ga cunkoso, ga unguwannin da suka riga famfo da magudanar ruwa isa.

Sauya fadar gwamnati kaɗai ba ya warware ƙullin. Kwaddibuwa ta ayyana Yamoussoukro a matsayin babban birninta a 1983, amma kasuwanci da yawancin ofisoshi suna Abidjan. Koriya ta Kudu ta fara kwashe ma'aikatu daga Seoul zuwa sabon birnin Sejong a 2012, duk da haka mazauna yankin Seoul sun haura rabin jama'ar ƙasar. Gini aka matsar, jari da masu yanke shawara ba su motsa ba. Abin da birni na biyu yake bukata shi ne hanya kai tsaye zuwa na uku ba sai ta babban birni ba, da ikon kashe wani kaso na harajin da ya tara, da jami'a da asibitin ƙwararru da za su riƙe mutanensa a gida.